AC/DC: me ya sa kiɗa iri ɗaya yake cika filin ƙwallo shekara hamsin?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, na ga bidiyon wasan wasu Turawa da ake kira AC/DC a Ajantina. Wani dattijo sanye da kayan makaranta yana ta tsalle da jita, jama'a kuma kamar za su rushe filin. Na nemi waƙoƙinsu na saurara, sai na ji kusan duk iri ɗaya ne. Su waye, kuma me mutane suke ji a ciki? Sannan da gaske ne masu bautar Shaiɗan ne?"

Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Waƙoƙin kusan iri ɗaya ne, su kansu ba su taɓa musantawa ba, har wasa suke yi da zancen idan 'yan jarida sun tsokane su. Idonka ne ya bi inda aka shirya masa ya bi. Ka sake buɗe bidiyon, ka ƙyale mai kayan makarantar, ka duba can baya ta hagun mai ganga. Za ka ga wani ɗan gajeren mutum mai dogon gashi, da 'yar riga da wandon jins, tsaye wuri ɗaya, ƙafarsa ta dama tana karkarwa, hannunsa yana sarar jita kamar mai faskare. Sunansa Malcolm Young, yayan Angus Young mai tsallen, kuma shi ne mai ƙungiyar. Ni sana'ata haɗa sauti a wuraren taro, don haka ta wannan ƙofar zan shigo maka, domin a ganina amsar tana cikin yadda aka gina kiɗan nan don ya jure wa babban fili.

Asalinsu 'yan Glasgow ne ta ƙasar Sikotilan. Gidansu gidan talakawa ne mai yara da yawa, kuma a 1963 suka yi ƙaura zuwa Sidni ta Ostareliya, lokacin Malcolm yana da shekara goma, Angus takwas. Yayansu George ya riga su shiga harkar. Ƙungiyarsa, The Easybeats, ta yi suna har Ingila a 1966, amma ta watse ba tare da wani abin kirki ya shiga aljihun 'yan ƙungiyar ba. Ƙannen sun ga wannan da idonsu, shi ya sa har ƙarshe AC/DC ta kasance harkar gida, ba sa yarda da baƙo da wuri, kuma wanda ya kauce wa layi sallamarsa ake yi ba dogon zance. Malcolm ya kafa ƙungiyar a ƙarshen 1973, suka yi wasansu na farko a daren shiga sabuwar shekara a wani kulob mai suna Chequers a Sidni. Yayarsu Margaret ce ta kawo shawarar kayan makarantar, tun da Angus ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce ƙafa biyar da inci biyu ba.

Makarantarsu ta gaskiya mashayun Ostareliya ce. A shekarun 1970 manyan ɗakuna ne da leburori da direbobi da matasa marasa aiki suke cikawa bayan an tashi daga aiki, kuma ba su zo don su yi wa kowa kara ba. In kiɗanka bai yi musu ba, kwalba za ta biyo ka. Angus ya sha faɗa cewa yawan motsinsa a dandamali daga nan ya samo asali, domin abin da ke motsi ya fi wuyar jifa. A irin wannan wuri ba ka da minti biyar na gabatarwa, dole jimlar farko da jita ta furta ta kama mutumin da ya juya maka baya yana hira. Duk abin da bai yi aiki a gaban waɗannan mutane ba sai su yar da shi. George da abokin aikinsa Harry Vanda su ne suke naɗar musu faifai a situdiyon kamfanin Albert, cikin kwanaki ƙalilan, tsakanin wasa da wasa. Wato waƙar tana fitowa ne daga dandamali ta shiga faifai, yayin da yawancin ƙungiyoyi suke gina waƙa a situdiyo sannan su zo suna fama da yadda za su kaɗa ta a gaban jama'a.

A 1974 suka sami mawaƙin da ya dace da su, Bon Scott. Shi ma haifaffen Sikotilan ne da ya tashi a Fremantle ta yammacin Ostareliya, ya girme wa Angus da kusan shekara tara, ya riga ya sha gwagwarmaya a wasu ƙungiyoyi, kuma bai daɗe da tashi daga mummunan haɗarin babur ba. Muryarsa siririya ce mai kaifi, ga shi da iya zance, yana rera labarin talauci da bashi da gidan haya da mata kamar mai ba ka labari a teburin mai shayi yana ƙyafta ido. A 1975 Phil Rudd ya karɓi ganga, a 1977 Cliff Williams ya karɓi jitar bes, mai kaurin murya. A watan Afrilun 1976 suka koma Landan suka sake farawa daga ƙasa, a wata 'yar mashaya mai suna Red Cow a unguwar Hammersmith, daga nan kulob ɗin Marquee, inda suka riƙa cika ɗakin mako bayan mako har gumi yana ɗiga daga silin. Amurka kuwa ba ta karɓe su da wuri ba. Reshen kamfanin Atlantic na can ya ƙi fitar da faifansu na 1976, gidajen rediyo ba sa sa su, sai suka shiga mota daga Yulin 1977, suka fara da Austin ta jihar Texas, suna buɗe wa manyan ƙungiyoyi wasa gari bayan gari. Da ƙafa suka ci Amurka.

To, ga abin da mutane suke ji.

Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ɗaki ƙarami wannan ba ya damun kowa. A filin ƙwallo kuwa, idan bangon da ke fuskantar lasifika yana da nisan mita 85, duk abin da aka kaɗa zai je ya dawo bayan rabin daƙiƙa, ya haɗu da sabon abin da ake kaɗawa. Ga rufin 'yan kallo yana mayar da nasa, ga siminti ta ko'ina. Ƙungiyar da take zuba sauti takwas ko goma cikin wannan rabin daƙiƙar, ga madannai, ga muryoyi bisa muryoyi, abin da na baya zai ji gurnani ne kawai, komai tsadar kayan sautin. Mu masu aikin muna da dabaru. Ana kafa ƙarin hasumiyoyin lasifika a tsakiyar fili, a jinkirta sautinsu daidai da nisansu daga dandamali don ya iso tare da na gaba. Ana karkata lasifika ƙasa don ta bugi jikin mutane maimakon bango. Amma duk dabararka ba za ka iya cire abin da makaɗi ya cusa ba.

AC/DC kuwa kiɗansu cike yake da giɓi. Saurari farkon "Highway to Hell": sara uku, shiru. Sara uku, shiru. Farkon "Back in Black" ma haka, sara, shiru, sara uku, shiru. Cikin wannan shirun ne amsa-kuwwar fili take faɗawa ta mutu kafin sara na gaba ya zo. Filin da yake ɓata kiɗan wasu, su ƙara musu girma yake yi. Mafi yawan manyan waƙoƙinsu kuma suna tsakanin bugu 90 zuwa 135 a minti, gudun da mutum dubu sittin za su iya tsalle tare a kansa ba tare da wani ya riga wani ba. Ba su zauna da alƙalami sun lissafa wannan ba. Mashaya ce ta koya musu cewa shiru yana sa sara na gaba ya fi zafi, sai abin ya zo ya dace da filin ƙwallo.

Abu na biyu, wanda yake ba matasan makaɗa mamaki, shi ne jitocinsu ba su da ƙazantar sauti kamar yadda ake zato. Yaro zai sayi ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don ya daƙusa sautin jita, ya murɗa shi har ƙarshe, ya kaɗa waƙarsu, ya ji ta fito kamar ƙudan zuma a gwangwani. Su waya ce kawai daga jita zuwa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ƙirar Marshall, a ɗaga ƙara sosai, ƙarfin kuma ya fito daga hannu. Jitar Malcolm tsohuwar Gretsch ce ta farkon shekarun 1960 da Harry Vanda ya ba shi. Ya ciccire maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya bar guda ɗaya tak, ramukan suna nan a buɗe a jikinta, ya kankare fentin har itace ya fito. Tsirkiyoyinsa masu kauri ne ƙwarai, irin waɗanda yawancin makaɗan rok suke gudu don suna cin yatsa. Da irin wannan kaya babu inda za ka ɓuya: in ka sara a hankali sautin ya fito fes, in ka sara da ƙarfi ya yi ruri, in ka makara da ƙiftawar ido kowa ya ji. Kuma abin da ya fi wuya a kiɗansa shi ne tsayar da sauti, yadda yake ɗora gefen tafin hannu a kan tsirkiya ya kashe ta daidai lokacin da ya kamata. Shirun nan da na ambata, da hannu ake yin sa.

In kana da abin sauraro na kunne, gwada wannan. A yawancin faya-fayansu jitar Malcolm tana kunnen hagu, ta Angus tana dama. Cire na dama ka saurari waƙa guda da na hagu kaɗai. Za ka tarar waƙar tana nan cif, ba abin da ya ragu sai ado.

Phil Rudd shi ma haka. Babbar ganga a bugu na ɗaya da na uku, ƙaramar a na biyu da na huɗu, kusan ba ya zagaye gangunan don nuna gwaninta. Cliff Williams yana iya riƙe sauti guda yana maimaitawa har baiti ya ƙare. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai wannan kowa ma zai iya. A tambayi makaɗan kalangu: kowa idonsa yana kan mai babban kalangu da yake magana da shi, amma ranar da mai kuntuku ya yi rawar hannu, ranar ake sanin wanda yake riƙe da kiɗan. Mutum uku a baya sun yarda su shafe awa biyu ba wanda ya kalle su, don mutum biyu a gaba su yi abin da suka ga dama. Har tafiyarsu a tsare take. Idan amshi ya zo, Malcolm da Cliff su tako tare zuwa makirufo, su rera, su juya tare su koma mazauninsu. Malcolm da kai yake ba da umarni, ɗan gyaɗawa kaɗan, waƙa ta tsaya cak.

Ban ce Angus ado ne kawai ba. Makaɗi ne na gaske, tushensa kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, kuma tafiyar agwagwar da yake yi da ƙafa ɗaya daga makaɗin Amurka Chuck Berry ya ɗauko ta. Abin da ya fi burge ni shi ne yana gudu, yana girgiza kai, yana birgima a ƙasa, amma yatsunsa ba sa kuskure. Tun 1977 ya fara amfani da na'urar aika sauti ba tare da waya ba, wadda ta ba shi damar shiga cikin jama'a, sau da yawa a kafaɗar Bon Scott. Kuma mutumin da ake gani kamar mahaukaci a dandamali ba ya shan giya, shayi ne abin shansa, sai sigari.

Wanda yake son jin su a ganiyarsu ya nemi faifan wasan da aka naɗa a zauren Apollo na Glasgow ranar 30 ga Afrilun 1978, garin haihuwarsu, inda suka dawo dandamali a ƙarshe sanye da rigunan ƙwallon Sikotilan. Babu ƙararrawa, babu igwa, babu komai sai mutum biyar da bangon lasifika. A shekara ta gaba suka yi aiki da mai naɗar faifai Mutt Lange, haifaffen Zambiya da ya tashi a Afirka ta Kudu, mutum mai naci da zai sa a maimaita layi ɗaya har sai numfashin mawaƙi ya zauna inda yake so. Shi ya gyara musu amshi ya zama abin da rediyo za ta ɗauka, kuma faifan 1979 shi ne na farko da ya yi kasuwa sosai a Amurka.

Ana cikin haka, ranar 19 ga Fabrairun 1980, aka tarar da Bon Scott ya mutu a cikin mota a unguwar East Dulwich ta Landan, bayan daren shaye-shaye. Wanda suke tare ya kasa tashinsa, ya bar shi ya kwana a motar. Yana da shekara 33, kuma binciken hukuma ya ce giya ce ta yi masa yawa. Iyayensa suka ƙarfafa wa 'yan ƙungiyar gwiwa su ci gaba. Cikin makonni suka ɗauki Brian Johnson, mutumin yankin Newcastle, wanda tauraruwarsa ta ɗan haska a farkon shekarun 1970 ta dushe, har ya koma sana'ar sa wa motoci rufi. Labarin da suke bayarwa shi ne Bon da kansa ya taɓa ganinsa yana waƙa yana birgima yana ihu a dandamali, ya yaba musu shi, ashe a daren ciwon ciki ne ya kayar da shi har aka kai shi asibiti. Suka tafi Bahamas suka naɗi faifan "Back in Black", ya fito ranar 25 ga Yulin 1980 da baƙin bango don makoki. A Amurka kaɗai ya haura kwafi miliyan 25, a duniya ana ƙiyasta kusan miliyan 50. Ƙungiyoyi kaɗan ne suka rasa mawaƙinsu suka tsira, kuma dalilin tsirar wannan shi ne injin, wato makaɗan nan uku, yana baya, bai taɓu ba.

Daga nan kayan kallo suka shigo, domin wanda yake kujera ta ƙarshe a fili ba ya ganin yatsun kowa. Suka sa kamfanin John Taylor na garin Loughborough ya zuba musu ƙararrawar tagulla mai nauyin kusan tan ɗaya. Injiniyan sautinsu ya fara gwada naɗar wata ƙararrawa a hasumiyar tunawa da sojoji ta garin, amma duk bugu sai tsuntsaye su tashi fuka-fukansu su ɓata naɗin, dole ya koma maƙerar ya naɗi tasu. Duk wanda ya taɓa kafa makirufo a waje ya san wannan ciwon kai. A 1981 suka ƙaro igwa, wadda har yau da ita suke rufe wasa, kuma faifan shekarar ne ya fara kai su matsayi na ɗaya a Amurka. Daga baya aka sami ƙatuwar 'yar tsanar da ake hura wa iska, da kan jirgin ƙasa da yake fasowa dandamali a rangadin 2008.

Tsakanin 1983 da 1988 faya-fayansu sun yi rauni, wannan ba a ɓoye yake ba. Rudd ya tafi, suka ce za su naɗi kansu da kansu, sautin ya bushe, waƙoƙin kirki suka yi ƙaranci. Malcolm ma giya ta ci ƙarfinsa har ya ajiye rangadin Amurka na 1988 ya je ya nemi magani, ɗan yayansu Stevie Young ya tsaya a wurinsa. Amma ko a wannan lokacin suna cika zaure, sun jagoranci bikin kiɗan rok na Donington a Ingila a 1984 kamar yadda suka yi a 1981, sun yi Rock in Rio a Brazil a 1985. Mutane sun daina sayen sabon faifai amma ba su daina sayen tikiti ba. A 1990 suka farfaɗo da faifan da ke ɗauke da "Thunderstruck".

Akwai daren da ba a so a tuna, amma duk mai shirya taro ya kamata ya san shi. Ranar 18 ga Janairun 1991, a zauren Salt Palace na birnin Salt Lake City, an sayar da tikitin tsayuwa ba tare da kujera ba, wanda ya riga isa gaba shi ke da gaba. Da aka fara kiɗa jama'a suka danno, wasu suka faɗi, wasu suka hau kansu. Matasa uku suka mutu, biyu 'yan shekara 14, ɗaya 19. Ƙungiyar ta ci gaba da kiɗa na wani lokaci kafin ta tsaya, ta ce ba ta san abin da ke faruwa ba, kuma an sasanta ƙararrakin da iyaye suka kai a wajen kotu. Na yarda mai kiɗa ba ya gani, fitila tana cikin idonsa, ƙara ta toshe masa kunne. Shi ya sa ba a barin wannan hukunci a hannunsa. A taron da aka tsara da kyau ana raba filin tsayuwa da shingayen ƙarfe don turereniyar baya kada ta taru a kan na gaba, ana ajiye masu kallon jama'a daga sama, kuma akwai mutum guda da aka ba ikon ya kashe sauti ya kunna fitilu ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A cunkoso mutum yana iya mutuwa a tsaye, ƙirjinsa ne yake kasa buɗewa.

A watan Satumban shekarar suka yi wasan kyauta a filin jirgin Tushino na Mosko tare da ƙungiyar Metallica, makonni kaɗan bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Tarayyar Sobiyet, a gaban dubban ɗaruruwan mutane da sojoji suke tsare da kulake. A Yulin 2003 suka yi wasa a Toronto tare da ƙungiyar Rolling Stones a gaban kusan mutum dubu 450, taron da aka shirya don dawo da baƙi birnin bayan annobar cutar numfashi ta SARS.

Wanda ka gani kuwa, filin ƙungiyar ƙwallon River Plate ne a Buenos Aires, a Disambar 2009, dare uku, jimillar mutane kusan dubu 200. 'Yan Ajantina da ɗabi'ar kallon ƙwallo suke zuwa wasan kiɗa, ba baitin kawai suke rerawa ba, har jimlar jitar suke rerawa da baki, suna tsalle tare. Ka ga amfanin jimla gajeriya mai giɓi: wanda ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya zai iya rera ta. Wannan rangadin ya kai wasa sama da 160 cikin wata ashirin, mutane kusan miliyan biyar. Abin da jama'a ba su sani ba a lokacin shi ne Malcolm ya fara fama da cutar mantuwa. Angus ya bayyana daga baya cewa kafin wasa sai yayansa ya zauna ya sake koyon waƙoƙin da shi ya ƙirƙira, sannan ya hau dandamali. Wasansa na ƙarshe a Bilbao ta Sifaniya ne, a Yunin 2010. An sanar da ritayarsa a 2014, ya mutu a Nuwambar 2017 yana da shekara 64, makonni kaɗan bayan mutuwar George.

Batun Shaiɗan. Sunan ƙungiyar alamar lantarki ce da ake rubutawa a jikin kayan wuta, kuma 'yan gidan sun ce a jikin keken ɗinkin Margaret aka gan ta. Waƙar da ta fi jawo zargin, "Highway to Hell" wadda take maganar hanyar wuta, sun ce kwatancin wahalar rangadi ne, kwana a mota wata da watanni. Zargin ya yi ƙarfi a 1985, lokacin da aka kama wani mai kisan gilla a Kalifoniya, Richard Ramirez, aka ce masoyinsu ne, wasu ƙungiyoyin addini a Amurka suka nemi a hana su wasa, har aka ƙirƙiro wa haruffan sunan wata fassara. Ban ga wata hujja ta bauta ko aƙida ba. Ƙahonin roba masu walƙiya da ake sayarwa a ƙofar fili, da ambaton wuta, tsokana ce da kasuwanci, irin ta yaron da ya gano abin da ke ba manya haushi. Sai dai kada in wanke su fiye da kima. Wasa da sunan wuta da Shaiɗan abu ne da mai imani yake da damar ƙyamata ko da wasa ne. Kuma mafi yawan baitocinsu a kan mata ne da giya da faɗa, cike da batsa a lulluɓe, wani lokaci ma ba lulluɓin. Na zamanin Bon akwai hikima da ban dariya a ciki, na baya da yawa maganar samartaka ce a bakin dattawa. In za ka sa wa yara, ka san abin da ake faɗa tukuna.

Akwai kuma abin da ni kaina yake gundura ta. Jerin waƙoƙin wasansu kusan ba ya canjawa, rabin abin da za ka ji bana shi aka ji a 1981, kuma kaɗaicin jitar da Angus yake yi kusa da ƙarshe, wanda yakan haura minti goma, da an rage shi da rabi ba abin da za a rasa.

Ƙara ma tana da farashi. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel (awon ƙarfin ƙara) 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Wasan rok yana kaiwa 100 ko fiye, inda kunne yake fara cutuwa cikin kusan kwata ɗaya na awa. A Maris 2016 likitoci suka gaya wa Brian Johnson ya tsaya ko ya kurmance gaba ɗaya, ko da yake shi ya ce tseren mota ba tare da toshe kunne ba ne ya fara lalata masa ji. Mawaƙi Axl Rose na ƙungiyar Guns N' Roses ya ƙarasa musu rangadin, ya fara da Lisbon a zaune a kujera saboda karayar ƙafa. Rudd, wanda ya riga ya dawo ƙungiyar, yana fama da shari'a a New Zealand, Cliff ya yi ritaya a ƙarshen rangadin, kowa ya ɗauka an gama.

Sai ga su a Nuwambar 2020 da sabon faifai da aka gina a kan jimlolin da Malcolm da Angus suka tara tun da, Brian kuma ya dawo da taimakon wata na'urar kunne da aka ƙera masa. Suka hau dandamali a Kalifoniya a Oktobar 2023, suka fara sabon rangadi a Gelsenkirchen ta Jamus a Mayun 2024, da sabon mai ganga Matt Laug da sabon mai bes Chris Chaney, Stevie yana riƙe da jitar baya. Angus ya cika shekara 70 a Maris 2025, gashi fari fat a ƙarƙashin hular makaranta, Brian ya girme shi da fiye da shekara bakwai. Muryar Brian ba ta kai inda take kaiwa da, gudun Angus ma ya ragu. In kana son ka auna da kanka, ka kalli wasan da aka ɗauka a Faris a Disambar 1979, wata biyu kafin mutuwar Bon, sannan na Donington na 1991, sannan ka nemi na rangadin da suka fara a 2024.